Kwas ɗin ɗaukar hoto: in biya makaranta ko in fara da sayen kyamara?

Sadik_FadamanMada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga harkar hoto. Sana'ar POS nake yi a nan Bauchi, na ɗan tara abin da bai wuce naira 450,000 ba, kuma raina ya daɗe a kan ɗaukar hoto. Da waya nake yi yanzu, abokai suna yabawa, amma ina so in iya shi sosai har in ci abinci da shi. Hanya uku ce a gabana. Akwai wani situdiyo a cikin gari da ke koyarwa wata biyu a kan 120,000. Akwai wata makaranta a Abuja da na gani a Instagram, wata uku 300,000, ban da wurin kwana da abinci, suna ba da satifiket. Sai kuma yayana da ke cewa in zan yi, in yi mai gaba ɗaya, in tafi Jos in yi difloma. Ba ni da kyamara, ba ni da laftof. Kuɗin nan su ke nan gare ni, in suka tafi zan jima ban haɗa irinsu ba. Wacce ta fi? Allah ya saka da alheri.

Baba_MaiHoto_Wunti:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka tambayi kuɗi ka tambayi wannan: kyamara nawa ce a wurin, ɗalibai nawa ne a aji? In mutum goma sha biyar ne a kan kyamara biyu, to kallo za ka je yi. Mu da muka fara tun zamanin fim, hoto 36 ne a naɗi ɗaya, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Kowane latsi kuɗi ne, shi ya sa muka koyi duba haske kafin mu ɗaga kyamara. Ku yanzu Allah ya sauƙaƙa muku, sai ku ɗauki ɗari biyar a wuni ku goge, ba ku yi asarar ko kwabo ba. Amma fa sai kyamarar tana hannunka. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a makaranta ya dawo gida hannu rabbana, kafin wata biyu abin da ya koya ya zube.

Auwal_Gwallameji:
Malam Sadik, maganar Abuja ka zauna da biro da takarda tukuna. Na yi irin wannan kwas ɗin a can, ba zan kama sunan wurin ba. Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin abu. Ɗaki a cikin gari ya fi ƙarfin ɗalibi, sai dai ka nemi ɗan'uwa a Mararaba ko Kubwa ka raɓa, sannan kullum kuɗin mota zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye mutum. Ga abinci sau biyu a waje, ga data, ga kuɗin fita aikin gwaji da ba sa faɗa maka sai ka shiga. A lissafina 450,000 ɗinka ba za su kai ka ƙarshen wata na uku ba. Sannan POS ɗinka fa? Wa zai zauna maka a kai? Cinikin da za ka rasa na wata uku shi ma ka sa shi cikin kuɗin kwas.

Hafsat_Hoto:
Ni dai ban yarda a rushe maganar makaranta gaba ɗaya ba. Na biya na koya, kuma ban yi nadama ba. Abin da aka koya mini cikin sati biyu game da fitilun situdiyo, da ni kaɗai ce zan shekara ina lalube. Inda za ka ajiye babbar fitila, yadda za ka cike inuwar ɗaya gefen fuska, yadda za ka raba mutum da bangon bayansa. Sannan an koya mana yanka farashi da rubuta yarjejeniya da masu biki, abin da yawancin masu hoton garin nan ba sa yi, shi ya sa kullum ake rigima a kan cikon kuɗi. Malami na gaske yana da daraja. Matsalar ita ce gano shi.

Auwal_Gwallameji:
@Hafsat_Hoto ban ce babu amfani ba, 'yar'uwa. Ke lokacin da kika je ai kina da kyamararki ko?

Hafsat_Hoto:
Ina da ita, gaskiya ne. Ta hannu ce, amma da ita nake maimaita duk abin da aka yi a aji idan na koma masauki.

Baba_MaiHoto_Wunti:
To kin ga maganata ke nan, 'yata.

Malam_Idi_Yelwa:
Bari in yi magana a kan Jos tunda ba wanda ya taɓa ta. Yayanka bai faɗi abin banza ba. Jos na da makarantu biyu da aka sani a wannan fanni. Akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, an kafa ta a 1995, kuma tana da alaƙa da Jami'ar Jos wajen ba da digiri. Akwai kuma Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Rayfield, ita kuma alaƙarta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce. Daga Bauchi zuwa Jos bai fi kilomita 130 ba, kana iya zuwa gida ƙarshen mako. Takardar da za ka fito da ita a can gwamnati ta san da ita, za ka iya neman aiki da ita a gidan talabijin ko a ma'aikata. Satifiket ɗin wata uku na makarantar da ka gani a Instagram ba zai ba ka wannan ba.

Nura_Azare:
Malam Idi, da gyara kaɗan, a yi mini afuwa. Waɗannan makarantu na fim ne da talabijin. Ana koyar da hoto a ciki, amma ɓangare ne cikin darussa masu yawa, ga rubutun labari, ga sauti, ga tace bidiyo. Kuma karatu ne na shekaru. Shi Sadik cewa ya yi 450,000 ce duk abin da ya mallaka. Ko kuɗin makarantar bai yi yawa ba, zaman shekara biyu a wani gari ba tare da sana'a ba wa zai ɗauki nauyinsa? In takarda yake so ma ai ba sai ya bar gari ba, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji tana da sashen koyon aikin jarida, kuma ana yin darasin ɗaukar hoto a ciki.

Malam_Idi_Yelwa:
Na karɓi gyara, Malam Nura. Amma ina nan a kan cewa ya yi tunanin shekara goma masu zuwa, kada ya tsaya a bikin Asabar mai zuwa kawai. Masu hoton biki sun cika gari.

Zaks_Gombe:
Sun cika gari amma masu iyawa nawa ne? Ni daga Gombe nake, Jekadafari. Tun da na fara aikin nan ba uwar amarya ko ango ɗaya da ya taɓa ce mini ina takardarka. Abin da suke cewa shi ne mu ga aikinka. Ka buɗe waya ka nuna, in ya yi musu a yi ciniki. Shi ke nan.

Ummu_Khairat:
Ina biye da ku. Don Allah wace kyamara ce mai sauƙin kuɗi ga mai farawa? Ni ma ƙanwata ke so.

Injiniya_Bala:
@Ummu_Khairat tambayarki ta shafi Sadik kai tsaye, don amsarta ce za ta nuna masa nawa zai rage na kwas. Kada mai farawa ya sayi sabuwa. Farashin kyamara da dala yake tafiya. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, kaya suka bi ta. Abin da ya ɗan taimaka shi ne manyan kamfanonin kyamara sun koma yin sabon samfuri marar madubi a ciki, saboda haka tsofaffin samfura na hannu sun yawaita a kasuwa. Canon 600D ta 2011 ce, megafiksel 18, har yau tana aikin biki lafiya lau. Akwai 700D, akwai Nikon D3200 ta 2012 mai megafiksel 24. Kada yawan megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, ya ruɗe ku, lens ne ke yin hoto, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara.

Idan za ku saya, a duba adadin hotunan da ta ɗauka tun fitowarta, domin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a duk latsi, tana da iyakar rayuwa, irin waɗannan ƙananan ana ƙiyasta musu wajen 100,000. A cire lens a haska shi da tocila a ga ko akwai fumfuna a ciki. A tsuke buɗewar lens zuwa f/16 a ɗauki hoton farin bango, a ƙara girman hoton sosai, duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, za ta fito ɗigo-ɗigo. Kuma kada a tura kuɗi ga mai saidawa a intanet ba a riƙe kaya a hannu ba. Gara a biya kuɗin mota a je Kano ko Abuja tare da wanda ya san kan abin.

Zaks_Gombe:
Ƙari a kan na Injiniya. Kowa zai ce maka sayi lens ɗin 50mm f/1.8, kuma gaskiya ne yana da araha, yana narkar da baya, hoto ya fito tas. Amma a kan irin su 600D yana matsewa ya koma kamar 80mm, wato faɗin abin da yake ɗauka ya ragu. Ranar da aka shigar da kai ɗakin amarya, gado ya cinye rabi, kabet ya cinye saura, ƙawaye takwas suna so su fito tare, za ka manna bayanka da bango ba ka samu rabinsu ba. Don haka kada ka yar da ɗan lens ɗin 18-55 da ke zuwa da kyamarar. Masu Nikon D3200 kuma su kula, 50mm mai harafin D ba ya kama fokas da kansa a kanta, sai mai harafin G. Mutane da yawa sun sayi na farkon don ya fi araha suka dawo suna kuka.

Sadik_FadamanMada:
Kai, na gode ƙwarai. Wallahi ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. To in na sayi kyamara da lens da laftof, anya wani abu zai rage na kwas kuwa?

Injiniya_Bala:
Da ƙyar, ƙanena. Kuma ba su ke nan ba. Filasha ta sama, batir na biyu, katin memori biyu, jaka, da wurin adana hotuna. Laftof ɗin ma sai mai ɗan ƙarfi, in ba haka ba hoton RAW, wato ɗanyen hoto mai nauyi da kyamara ba ta sarrafa ba, zai riƙa daskarar da ita. Manhajojin gyaran hoto na Lightroom da Photoshop biyan wata-wata ne da dala. Kafin ka kai nan, Canon na da manhajarsu ta kyauta mai suna Digital Photo Professional, Nikon na da NX Studio, akwai kuma darktable da GIMP, duk ba a biya.

Abba_Kobi:
Ni fa ban ga dalilin biyan kowa ba. Komai yana YouTube kyauta. Ni a nan na koya.

Hafsat_Hoto:
@Abba_Kobi kyauta ina? Data fa? Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kallon bidiyo awa biyu kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wannan ma ba shi ne babba ba. Yawancin masu koyarwar can a Turai da Amurka suke, haskensu daban, fatar mutanensu daban. Ba wanda zai nuna maka yadda za ka yi da ɗaurin aure ƙarfe ɗaya da rabi bayan Juma'a a ƙofar masallaci, rana tsaka, ango baƙi cikin farar shadda mai ƙyalli, hula ta jefa masa inuwa a ido. In ka auna haske a kan fuska, shaddar ta ƙone fari fat, aikin da aka yi wa wuyan rigar ya ɓace, shi kuwa don a ga aikin nan ya kashe kuɗinsa. In ka auna a kan riga, fuska ta yi duhu. Sai wanda ya saba ya ce maka ja shi inuwar bango ko ƙarƙashin rumfa, ka rage haske kaɗan don ka tsirar da rigar, ka cike fuskar da filasha. Minti biyu gare ka kafin jama'a su yanyame shi da gaisuwa. Wannan a gefen mai yi ake koyonsa.

Abba_Kobi:
To ai kin dawo kan maganar bin oga ke nan, ba makaranta ba.

Baba_MaiHoto_Wunti:
Bin oga shi ne asali, amma shi ma a yi shi da ido buɗe. Na san yaran da suka shekara a shago ba abin da suka iya sai shara da sayo abinci da riƙe fitila. Wasu iyayen gidan tsoro suke ji kada yaro ya iya ya ɗauke musu kwastoma. In za ka shiga hannun wani, ka je da babba, a zauna a faɗi abin da za a koya maka da lokacin da za a fara ba ka kyamara, da ranar da za a yaye ka. A rubuta in da hali. Ba rashin yarda ba ne, haka ake yi a kowace sana'a.

Maman_Sultan:
Ni ba mai hoto ba ce, mai biyan masu hoto ce, na aurar da 'ya'ya. Ku koya wa yaran nan amana tare da aikin. Wani ya ɗauki hoton kamun 'yata, kafin ya kawo mana sai ganinsa muka yi a shafinsa, ba izini ba komai, har da matan aure ba mayafi. Gidan mijin wata daga cikinsu sai da aka yi tashin hankali. Tun daga nan duk taron mata mace nake nema. @Ummu_Khairat ki ƙarfafa wa ƙanwarki gwiwa, ana nemansu a sa lalle da kamu da walima, kuma ba su da yawa.

Ummu_Khairat:
Na gode Hajiya, in sha Allahu zan nuna mata wannan.

Zaks_Gombe:
Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya ba mu ikon gyarawa. Wani abin amanar kuma shi ne katin memori. Jabu sun yi yawa a kasuwa, an rubuta 64GB amma cikinsa bai kai ba, sai ya riƙa nuna yana ɗauka alhali yana taka na baya. Wani abokin aikinmu haka ya rasa hotunan ɗaurin aure gaba ɗaya, kuma ba a sake ɗaura aure don mai hoto. Shi ya sa manya ke son irin Canon 5D Mark III mai ɗaukar kati biyu. Kai da za ka fara da mai kati ɗaya, ka sayi na gaske, ka gwada shi a gida ka cika shi taf kafin ka fita da shi aiki.

Sadik_FadamanMada:
'Yan'uwa na je situdiyon cikin garin da tambayoyin da Baba ya ba ni. Mu takwas ne za a ɗauka, kyamara uku ce. Aji kwana uku a mako, ranar Asabar kuma ana raba ɗalibai a bi su wurin biki. Gyaran hoto a kwamfuta ba ya cikin 120,000 ɗin, sai an ƙara 30,000. Ba sa ba da aron kyamara a tafi da ita gida. Mai wurin ya yarda in biya kashi biyu. Ya nuna mini aikinsa, ya yi kyau sosai.

Nura_Azare:
Aikinsa ya nuna maka, ka ce ya nuna maka aikin ɗalibansa. Iya ɗauka daban, iya koyarwa daban. Ka karɓi sunan mutum biyu da suka gama a wurinsa ka same su su kaɗai ka ji ta bakinsu.

Auwal_Gwallameji:
Takwas a kan uku bai yi muni ba, ya fi abin da na gani a Abuja nesa ba kusa ba. Kuma kana gida, kana buɗe POS ɗinka sauran kwanakin. In ni ne zan ɗauki wannan, in biya rabin farko, sauran kuɗin in nemi kyamara ta hannu da lens ɗinta. Laftof ta jira, ka riƙa gyara a ta situdiyon tukuna.

Injiniya_Bala:
Ni a nan na saɓa da Auwal. 150,000 kashi ɗaya ne cikin uku na jarinka. Abin da za a koya maka a watan farko, wato ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) da saurin shota da buɗewar lens, kana iya koyonsa da kanka in kyamara na hannunka. Ka fara sayenta, ka yi wata uku kana ɗaukar duk abin da ka gani. Ka je kasuwar Muda Lawal da sassafe lokacin da ake sauke kaya, ka nemi izinin mutane ka ɗauka. In Sallah ta zo ka tsaya wajen hawa ka gwada tsayar da doki yana sukuwa, za ka gane da kanka me ya sa ake kai saurin shota 1/1000 na daƙiƙa. In ka samu hali ka leƙa Yankari. Bayan nan in ka shiga kwas, ka san abin da ya gagare ka, tambayarka za ta zama mai nauyi, kuma wataƙila darasin fitilu da gyara kawai za ka biya.

Hafsat_Hoto:
Injiniya, ba kowa ke iya koyo shi kaɗai ba. Wani in ba a sa masa rana da lokaci ba, kyamarar za ta kwanta a jaka ne, POS ya cinye wunin. Kuma fitar Asabar ɗin nan ita ce mai tsada a cikin kwas ɗin. Ta nan masu biki za su fara sanin fuskarsa.

Malam_Idi_Yelwa:
Duk wanda ka zaɓa, kada ka rufe ƙofar karatu. Kana iya fara sana'ar, in ta kama ka nemi difloma daga baya da kuɗin hoton.

Talatu_Kaltungo:
Sannunku. Tambaya nake da ita ga mai wurin ta bakinka, Sadik. Idan kyamararsu ta faɗi a hannun ɗalibi wurin biki, wa zai biya? Ɗan'uwana ya shiga irin wannan rigimar a wani wuri, ba a yi maganar tun farko ba, sai da iyaye suka shiga.

Sadik_FadamanMada:
Anti Talatu wannan bai zo mini a rai ba sam, zan tambaya. Mai wurin ya ce in zo ranar Asabar in bi su wani biki in ga yadda suke aiki kafin in biya ko sisi. Zan je, zan kuma nemi tsofaffin ɗalibansa kamar yadda Malam Nura ya ce. Abuja dai na ajiye ta. Tsakanin shawarar Auwal da ta Injiniya ne har yanzu ban tsaya ba. Injiniya, in zan je duba kyamara a Kano za ka iya haɗa ni da wanda zai raka ni?

Injiniya_Bala:
Ka yi mini magana ta akwatin saƙo. Amma ka bari sai ka dawo daga bikin Asabar ɗin. Ka lura da irin kyamarar da suke aiki da ita, in Canon ce ka sayi Canon, don ka samu aron lens da batir a wurinsu.

Abba_Kobi:
Ni dai har yanzu 150,000 ɗin nan tana yi mini yawa. Kuɗin filasha ne da lens na biyu.

Zaks_Gombe:
Sadik, in ka je ranar Asabar ka duba ko ɗaliban da ke wurin suna latsa kyamara ko fitila kawai suke riƙewa. Ka dawo ka faɗa mana.